Kabad ɗin Firjin Baba

Mahaifina ya sayi motar ne saboda firjin da ke cikinta. Injin da tayoyin da gadon da ɗan teburin da ake naɗewa, duk a wurinsa ƙari ne aka yi masa a kan firjin.

Irin motocin nan ce da Turawa ke yawon shaƙatawa a ciki, masu ɗaki a baya. Wani dillalin motocin Kwatano ne ya kawo ta Potiskum, ban san abin da ya hango ba, ta shekara biyu a bakin titin Kano tana shan rana. Direbobin haya suka leƙa suka ga ba wurin jera kujeru. 'Yan kara suka leƙa suka ga sa ba zai shiga ta ƙofar ba. Mutanen gari suka sa mata suna gidan Bature, kowa ya kama harkarsa.

Baba tsohon malamin asibiti ne, irin na ƙauye, wanda shi ne mai duba mara lafiya, shi ne mai ba da magani, shi ne mai share ɗakin. Har yau Likita ake kiransa a gari. Da ya yi ritaya sai ya koma wa gonar gado da ke bayan Gadaka, kusa da ƙauyen da ƙaninsa, Baffanmu, yake zaune. Da ruwan shuka ya sauka yake tarewa can, ba ma ganinsa sai an kawo amfani gida. Ana haka ciwon suga ya kama shi, har ya kai ga allura kullum, ita kuwa allurar ba ta son zafi. Baba ya ce randa ta isa. Yayata, wadda take aikin jinya a Damaturu kuma ita ce babbarmu, ta ce ita ba ta san zancen randa ba. Ranar wata Sallah, a gaban kowa, ta yanke hukunci: in akwai firji mai aiki a gona, Baba ya tafi, in babu, ya zauna a gida. Ta faɗi haka ne don ta san ko a cikin gari wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, balle a gona.

Bayan mako uku Baba ya shigo gida da gidan Bature.

Firjin ƙarami ne, bai kai kuguna ba, kuma da gas yake aiki. Ba ya ƙara, ba ya motsi, 'yar wuta ce kawai take ci a bayansa. Baba ya ce ɗan'uwan firjin kananzir ne, irin wanda suka ajiye maganin rigakafi a ciki shekara da shekaru. Ya ce abu biyu irinsu ke so a duniya: su zauna daidai ba karkata, kuma iska ta ratsa bayansu ta ramukan da aka huda a jikin motar. In ka hana su ɗaya, ba za su yi maka gardama ba, wutar za ta yi ta ci, amma sanyi sai dai ka nema a wani wuri. Ya maimaita mini wannan karatu har na haddace shi ba da son raina ba.

Damina uku ya yi a haka. Ni nake tuƙa shi in kai shi, in bar motar a gindin wata tsamiya, in dawo a motar haya. Duk Asabar, da yake ba na zuwa makarantar da nake koyarwa, in kai masa tukunyar gas da ganyen shayi.

A ƙarshen damina ta uku ne kabad ɗin da ke riƙe da firjin ya karye. Ashe ruwa ya daɗe yana shiga ta gefen rufi yana jiƙa katakon, mu kuma da za mu dawo muka jingina masa buhunan wake har rufi. Wani rami muka faɗa kafin mu hau kwalta, na ji ƙara a baya, Baba ya ce in yi ta tafiya, waken ba zai gudu ba. Da muka sauke kaya a gida muka tarar gefen kabad ɗin ya tsage daga sama har ƙasa, gindin ya lotsa, firjin ya sunkuyo gaba da ƙofa a buɗe kamar mai neman takalminsa. Muka tokare shi da bulo muka rufe motar.

A wannan ranin abubuwa biyu suka faru. Idon Baba ya fara ja da baya, har ya daina karanta lambobin da ke jikin allurarsa. Irin mai kama da biro ce, ana murza bayanta tana ƙas, ƙas, sai ya koma ƙirga ƙarar da kunne, yana cewa kunne ya fi ido riƙon amana. Na biyu, wata rana da hantsi sugansa ya yi ƙasa, ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Baba ya ce in nemo kafinta. A ranar Yaya ta kira ni.

"Malam, an gyara abin nan?"

"Ba a gyara ba tukuna."

"Alhamdu lillahi. Wa zai gyara?"

"Baba ya ce in nemo kafinta."

"To nemo masa. Amma ka nemo wanda ya dace."

Ban gane inda ta dosa ba, don ni a gidanmu ba a san ni da saurin ganewa ba.

"Ni na yi magana a gaban mutane, ba zan janye ba," in ji ta. "Amma ban ce ga ranar da za a gama gyara ba. Ka san Baba, ba ya tarewa a gonar da wani ya shuka masa. In aka yi shuka ba shi, zai haƙura."

Zan so in ce tilasta ni ta yi, amma ban yi mata musu ko kaɗan ba. Ni na tsince shi a bakin famfon nan, ni na shafa masa zuma a dasashi. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma na fi son in gan shi a zaure yana fushi da ni da a kira ni daga Gadaka.

Neman kafinta mai jan aiki a garinmu ba abu ne mai wuya ba, amma akwai wani dattijo a bayan 'yan katako wanda sauran suke kallo da girmamawa. Shi ya yi wa Yaya gadon aure, aka kai mata shi tana goyon ɗanta na fari. Makarantarmu ta ba shi aikin allon bango, shugaban da ya ba da aikin ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ne ya karɓa. Aikinsa kuwa in ya fito ba ya mutuwa, shi ya sa mutane suke zaginsa suna komawa. Shi kaɗai yake aiki a rumfarsa, da fensir a bayan kunne da rediyon da ba ya kamawa.

Na gaya wa Baba wanda na zaɓa.

"Shi?" ya ce.

"Shi, Baba. Aikinsa yana da ƙwari."

Ya juyo da fuskarsa wajena ya daɗe. Sannan ya ce, "To."

Ranar Asabar da safe na kai motar. Kafintan ya taso yana karkaɗe rigarsa. Hausarsa irin ta wasu dattawan garinmu ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Motan Likita ne wannan. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Kawu."

Ya shiga ya durƙusa gaban firjin, ya danna gefen kabad ɗin da babban yatsa, katakon ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa.

"Wannan ba katako ba ne," ya ce. "Dusa ne aka yi wa fenti. Bature ma yana cuta."

Ya ciro fensir ya fara awo da igiyar tef, yana rubutawa a jikin ƙofar motar. Ni kuma na gyara murya.

"Kawu, babu gaggawa fa."

Hannunsa ya tsaya.

"Me ka ce?"

"Na ce ba gaggawa. Ko bayan damina ne."

Ya mayar da fensirin bayan kunne, ya zauna a kan gadon Baba ya dube ni.

"Ɗan Likita, tun ina saurayi nake wannan aiki. An zage ni. An kai ni gaban mai unguwa. Wani mata ya zo da tabarma ya wuni a nan, ya ce ba zai tashi ba sai da kujeransa. Amma ba wanda ya taɓa ce mini ba gaggawa. Me ke faruwa?"

Sai na kwashe duka na gaya masa, da idon, da faɗuwar, da shawarar Yaya. Bai katse ni ba. Ganin yana saurare sai na samu ƙarfin gwiwa na ƙara da abin da ko Yaya ba ta sa ni ba, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na nuna masa ramukan iskar da ke bayan firjin.

"Kuma in ka tashi yi, a toshe waɗannan. Ɓeraye na shiga."

Ya dubi ramukan, ya dube ni.

"Ɓera," ya ce. "To."

Na hau keke mai ƙafa uku na koma gida zuciyata wasai. Na kira Yaya na ce mata an kai wa wanda ya dace. Na ce wa Baba kafinta ya ce zai duba. Baba ya ce Allah ya ba shi iko, ya ci gaba da tsince irin geronsa a faifai, yana lalube da yatsu.

Washegari Lahadi, bayan la'asar, wayata ta yi ƙara.

"Ɗan Likita, zo ka ɗauki motanku. Ya tare mini iska."

Na ɗauka ya fasa aikin ne, har na fara tunanin wanda zan kai wa. Da na isa na tarar da shi zaune a benci yana cin gyaɗa, ƙofar motar a buɗe. Na leƙa.

Ya fitar da ruɓaɓɓen katakon gaba ɗaya. Ya kafa sabon firam na madaci, ya rufe gefe da gefe da falanki mai kauri, ya ɗaure shi da jikin motar da ƙarfe da noti, ba ƙusa ba. A ƙarƙashin firjin ya shimfiɗa tsohon tif na mota saboda gargada. Ya sa wa ƙofar 'yar sakata don kada ta buɗe a hanya. Har ya hau ya liƙe inda ruwa ke shiga, abin da ba wanda ya ambata masa. Na kama kabad ɗin na girgiza, motar ce ta motsa. A kan ramukan iskar kuwa ya buga ragar waya mai ƙananan ido.

"Ɓera ba zai shiga ba," ya ce daga bayana. "Iska zai shiga."

"Ina ka samu madaci ranar Lahadi?"

"Ƙofan wani Alhaji ne. Shekaransa huɗu a nan. Shi ya saba."

Raina ya ɓaci, na manta da furfurarsa.

"Kawu, ba haka muka yi da kai ba."

"Ba mu yi komai ba. Kai ka yi magana, ni na ce to." Ya zuba ɓawon gyaɗa a ƙasa. "Ni in na ce wa mutum gobe, har raina gobe nake nufi, sai goben ya zo da nasa aikin. Kai kuwa so kake in ce gobe alhali na san ba gobe. Wannan ban iya shi ba. Kuma ni na yi wa ubanka teburin firjin kananzir a asibitinsa, kafin a haife ka. Na san aikin ramukan nan."

Ya matsa mini a bencin, na zauna.

"Ka san a da rufin kwano nake yi? Rabin gidajen unguwan nan ni na rufa. Sau ɗaya na zame, sau ɗaya tak, ko karaya ban yi ba. Bayan kwana uku yarana suka ce an sace tsanina. Tsani mai matakai goma sha biyu, a cikin gida, ɓarawo ya fita da shi ba wanda ya ji. Na ce Allah ya isa, suka ce amin. Da Sallah na je gaida surukin babban ɗana, ga tsanina a jingine, akuya na kwance a inuwansa."

"Me ka ce musu?"

"Me zan ce? Sona suke yi." Ya ɓare wata gyaɗar ya riƙe bai ci ba. "Da sun zo sun ce Baba, tsoro muke ji, da na yi faɗa kwana biyu na ba su da hannuna. Amma suka sa na yi wata guda ina zargin maƙwabta."

Na tuƙa motar zuwa gida a hankali, ko da yake yanzu ba abin da zai faɗi a cikinta. Baba ya shiga ya shafa kabad ɗin daga sama har ƙasa, ya taɓa sakatar, ya zagaya waje ya sa yatsa a kan ragar. Ya shinshina yatsunsa ya ce, "Madaci." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Yaya kuwa da na gaya mata sai da ta tambaye ni sau biyu wanda na kai wa.

"Wanda ya yi mini gado?"

"Shi."

"A kwana ɗaya?"

"Da rabi."

Ta yi salati. Sannan ta jero sharuɗɗanta: Baffa ya riƙa leƙa shi safe da yamma, kada aljihunsa ya rabu da suga, kuma ranar da na kai shi in tsaya har la'asar. In firjin bai yi sanyi ba, in juyo da shi a ranar, ba wani a ƙara dubawa. Baba yana jin ta a waya ya ce ya yarda, magana ce ta gaskiya.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis, muka tashi Asabar da sassafe, allurar tana cikin kula da ƙanƙara. Baba ya zauna a gaba da faifan irinsa a cinya. Duk hanya yana gaya mini inda muke ba tare da ya duba ba, wai daga ramuka yake ganewa. Muka isa gindin tsamiya rana ba ta yi zafi ba. Baffa bai fito ba tukuna, daga ni sai shi sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Baba yana da yadda yake daidaita mota, tun zamanin asibitin ƙauye. Akwai wani tsohon kwanon sha fari mai shuɗin layi a baki. Sai ya ɗora shi a kan firjin ya zuba ruwa har layin. In ruwan ya taɓa layin ta ko'ina, mota ta zauna. In ya haura ta wani gefe, sai a haƙe ƙarƙashin taya ko a sa dutse. Damina uku shi yake dubawa, ni nawa haƙa ne da jan jak.

Ya ɗora kwanon, ya zuba ruwa, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya miƙe ya ja da baya.

"Zo ka duba mini."

Na duba. Ruwan ya haura layin ta hagu, ya bar shi ta dama da faɗin yatsa guda. Ruwan sama ya zaizaye wurin da muke tsayawa. A haka wutar za ta ci har la'asar, firjin ba zai yi sanyi ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Kalma biyu kawai zan faɗa, in ce ya daidaita, da magariba muna gida. Yaya za ta yi barci, ni ma zan yi. Na tsaya ina kallon ruwan nan kamar wanda aka aika sata.

"Ya karkata hagu, Baba."

"Yatsa nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya da ɗan wani abu," ya ce. "Tun da na shigo nake jin sa a ƙafata."

Na juyo na dube shi.

"To me ya sa ka ce in duba?"

"So nake in ji me za ka ce." Ya laluba ya ɗauki faifansa. "Ni ma tsoron nake ji, ba ku kaɗai ba. Bana ce kawai nake nema. Ɗauko jak."

Na ɗauko jak, na nemo faffaɗan dutse, na kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa wajen tayar hagu. Aikin bai wuce na minti goma ba. Na daɗe a kwance bayan na gama, don ba na son ya ga fuskata, ko da yake na san ba zai iya ganinta ba.

Kafin la'asar firjin ya yi sanyi har gwangwanin madara yana gumi. Na kira Yaya na gaya mata, ta ce in ba ta Baba, suka yi maganar yawan suga a shayi.

Ya yi daminarsa har girbi. Duk Asabar in na kai gas sai ya ɗora kwanon ya zuba ruwa ya ce in duba, alhali motar ba ta motsa daga inda take ba. Ina dubawa ina gaya masa abin da na gani. Da hadarin shekara mai zuwa ya haɗu, ba wanda ya kira ni daga Damaturu. Baba ne da kansa ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin motar, ya ce in kai wa Baffa irin, a shuka ba shi.